Singafo: Ƙasar Da Aka Kora, Ta Zama Abin Kwatance

Tun kafin gari ya waye, gadar da ta haɗa birnin Johor Bahru na Malesiya da tsibirin Singafo ta riga ta cika maƙil. Babura ne dubbai, kowanne ɗauke da ma'aikacin da ya kwana a Malesiya, inda haya ke da sauƙi, yana sauri ya kama aiki a Singafo, inda albashi ke da kauri. A bayansu manyan motoci ne shaƙe da kayan lambu da ƙwai da kaji. Mutum wajen dubu 300 ke tsallaka wannan gada mai tsawon kilomita ɗaya a kullum.

A gefen titin akwai wasu manyan bututai. Ruwa ne ke bi ta cikinsu daga kogin Johor. Ƙasar da take cikin mafiya arziki a duniya, ruwan shanta da abincinta da yashin gininta da masu yi mata ginin, yawancinsu daga waje suke zuwa.

A wajenmu da wuya a gama kakar siyasa ba a ji ɗan takara ya ambaci Singafo ba. Idan aka ambace ta, sai a ambaci Lee Kuan Yew, a ce ƙasa shugaba mai ƙarfin hali kawai take buƙata. Labarin ya fi haka tsawo. Yawancinsa labarin fili ne da gidaje da asusun ajiya da bututun ruwa, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗinsa da 'yancinsu ko da guminsu.

Tasha kafin ƙasa

Duk faɗin Singafo bai wuce murabba'in kilomita 730 da 'yan kai ba. Jihar Legas, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a Najeriya, ta ninka ta kusan sau biyar. A cikin wannan ɗan wuri mutum wajen miliyan 6 ke zaune.

Arzikin tsibirin na farko shi ne inda Allah ya ajiye shi. Yana bakin mashigin Malaka, siririyar hanyar teku da jiragen da ke tafiya tsakanin Sin da Indiya, da ƙasashen Larabawa da Turai, kusan dole su bi. Tun ƙarni na 14 akwai garin fatake a wurin da ake kira Temasek, daga baya ya dusashe.

A 1819 wani jami'in kamfanin Ingila mai kasuwanci a Gabashin Indiya, Stamford Raffles, ya sauka yana neman wurin da zai karya lagon 'yan Holan a yankin. Ya tarar da rikicin gadon sarauta a masarautar Johor, ya goyi bayan Hussein Shah a matsayin sarki, shi kuma ya sa hannu aka ba Turawa izinin kafa tasha. Zuwa 1824 tsibirin duka ya koma hannunsu.

Dabarar Raffles ita ce kada a karɓi kuɗin fito. Ai kuwa fatake suka yi ta kwarara: Sinawa daga kudancin Sin, Tamilawa daga Indiya, 'yan Bugis daga Sulawesi, da Larabawan Hadramaut irin su gidan Aljunied da Alsagoff da Alkaff. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, sai harkar ta ninka. Kuza da robar Malaya ta nan suke fita duniya. Alhazan yankin ma a nan suke taruwa su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Gwamnatin Turawa kuwa, kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga sayar da ofiyom ga leburori yake fitowa.

Ingila ta ɗauki Singafo a matsayin ganuwar da ba ta fasuwa. A ranar 15 ga Fabrairun 1942 sojojin Japan, waɗanda suka gangaro ta cikin Malaya, da yawansu a kan kekuna, suka karɓe ta, aka kama sojoji wajen dubu 80. Mulkin Japan na shekara uku da rabi ya zo da yunwa da kisan dubban Sinawa. Samarin da suka ga Bature ya miƙa wuya ba su sake yi masa kallon da ba. Lee Kuan Yew na cikinsu.

Ranar da firaminista ya yi kuka

A 1959 Singafo ta samu mulkin cikin gida, jam'iyyar PAP ta ci zaɓe, Lee, lauya ɗan shekara 35, ya zama firaminista. Shi da abokansa ba su yarda tsibirin zai iya rayuwa shi kaɗai ba, don haka suka yi fafutukar shiga tarayyar Malesiya a 1963.

Auren bai yi ƙarko ba. Gwamnatin tarayya a Kuala Lumpur na son tsarin da ya fifita 'yan ƙabilar Malay, PAP na cewa a daidaita kowa. A Yulin 1964, ana cikin jerin gwanon Maulidi, faɗa ya ɓarke tsakanin Malayawa da Sinawa, ya sake tashi a Satumba. Mutum fiye da 30 suka mutu. A ranar 9 ga Agustan 1965 firaministan Malesiya Tunku Abdul Rahman ya raba gari da Singafo. Lee ya fito a talabijin yana bayani, hawaye suka ci ƙarfinsa.

Wata biyar bayan haka ya je Legas taron ƙasashe renon Ingila kan rikicin Rodeshiya, wanda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙuncinsa. Kwanaki kaɗan da watsewar taron sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, aka kashe mai masaukin. A lokacin, in da za a tambayi masana wace ƙasa ce cikin biyun ke da makoma, kaɗan ne za su nuna tsibirin da kuɗin shigar mutum ɗaya a cikinsa bai wuce dala 500 da 'yan kai a shekara ba, ga rashin aiki, ga maƙwabta biyu, Malesiya da Indunusiya, da ba sa ga maciji da shi. Sai kuma Ingila ta sanar za ta kwashe sojojinta zuwa 1971, alhali sansanoninta ne ke samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin.

Wannan fargaba ce ta zama tubalin siyasar ƙasar. Har yau shugabanninta na tuna wa jama'a cewa ƙaramin kuskure zai iya shafe su. Tun 1967 duk namiji ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 sai ya yi aikin soja ko na 'yan sanda ko na kwana-kwana, yanzu na shekara biyu.

Gida kafin komai

Idan akwai abu guda da ya kamata masu ambaton Singafo su tsaya su duba, to gidaje ne.

A ƙarshen shekarun 1950 yawancin jama'a a cunkushe suke, ko a ɗakunan saman shaguna ko a bukkokin katako da kwano. A Mayun 1961 gobara ta cinye unguwar Bukit Ho Swee, mutum wajen dubu 16 suka rasa matsuguni. Hukumar gidaje ta HDB, wadda aka kafa shekara guda kafin nan ƙarƙashin Lim Kim San, ta sama musu sababbin gidaje cikin ɗan lokaci. A shekaru biyar na farko ta gina gidaje sama da dubu 50.

Abu biyu ne suka sa aikin ya yiwu. Na farko dokar karɓar fili ta 1966, wadda ta ba gwamnati ikon karɓe kusan kowane fili don amfanin jama'a, ta biya diyya ƙasa da farashin kasuwa. Masu filaye sun yi asara, manoman alade da na kayan lambu aka tashe su, ƙauyuka suka ɓace. Filin da ke hannun gwamnati ya tashi daga ƙasa da rabi zuwa kusan kashi 90 cikin ɗari.

Na biyu asusun ajiyar dole na CPF, wanda Turawa suka kafa a 1955 don fansho. A yau ma'aikaci matashi ana cire kashi 20 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 17, a zuba a asusu mai sunansa. Daga 1968 aka ba shi damar biyan kuɗin gida da wannan ajiya. Ma'ana, lebura zai mallaki gida ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba, gwamnati kuma ta samu tulin kuɗin cikin gida na yin ayyuka ba tare da ta ci bashin waje ba.

Yanzu kusan kashi 80 na 'yan ƙasa da mazaunan dindindin a gidajen HDB suke, kuma kusan iyali tara cikin goma su ke da gidansu. Lee bai ɓoye manufar ba: wanda ke da gida yana da abin da zai kare.

Sai dai mallakar ta shekara 99 ce, bayanta gida ya koma ga hukuma. Wanda bai yi aure ba sai ya kai shekara 35 kafin ya sayi nasa. Kuma tunda an mayar da gida jari, farashinsa ya yi ta hawa, har ɗaruruwan gidajen gwamnati na canza hannu a kan fiye da dalar Singafo miliyan ɗaya a kowace shekara. Iyaye na murna, 'ya'yansu na ƙorafi.

Ruwan da ake sha sau biyu

Yarjejeniyar 1962 da Johor ta ba Singafo damar ɗebo galan miliyan 250 a kullum daga kogin Johor, a kan sen 3 na kuɗin Malesiya duk galan dubu. Za ta ƙare a 2061. Tsohon firaministan Malesiya Mahathir Mohamad ya sha cewa wannan farashi zalunci ne. Singafo kuma na cewa ita ta kashe kuɗin madatsa da tacewa, kuma tana sayar wa Johor tataccen ruwa da rahusa.

Maimakon jiran ranar da za a rufe famfo, ƙasar ta shiga neman mafita. Daga 1977 aka kwashe shekara goma ana share kogin Singafo, wanda a da ɗoyinsa ke korar mutane. An raba magudanar ruwan sama da ta ƙazanta, yadda kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar ya zama wurin tara ruwan sama. A farkon shekarun 2000 aka fara tace ruwan masai da na wanka ta matatai masu tsananin laushi, a haska shi da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta. Sunansa NEWater. Yawancinsa masana'antu ke amfani da shi, lokacin rani kuma a zuba wani a tafkuna. Daga 2005 aka ƙara da tace ruwan teku.

Ƙasar kanta ma ƙara ta aka yi. An cike teku da yashi har faɗinta ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yashin daga maƙwabta aka sayo shi, kuma ɓarnar da haƙarsa ta yi wa gaɓar teku da masunta ta sa Indunusiya ta hana fitar da shi a 2007, Kambodiya ma ta bi sahu.

Inda kuɗin ke fitowa

A lokacin da sababbin ƙasashe ke korar kamfanonin Turawa, Singafo kiran su ta yi. Ministan kuɗi Goh Keng Swee ya sa aka cike fadamar Jurong aka yi unguwar masana'antu, mutane na ce masa ya yi wauta. Mai ba su shawara, Albert Winsemius ɗan Holan, har cewa ya yi kada su taɓa gunkin Raffles, don masu jari su san ba a gaba da su. An yafe haraji, an ɗaure ƙungiyoyin ƙwadago da dokokin 1968, an koya wa yara Ingilishi da lissafi. Kamfanonin lantarki na Amurka irin su Texas Instruments suka zo. An fara da ɗinki da haɗa rediyo, yau kusan ɗaya cikin goma na ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta na duniya a nan ake ƙera su.

Ƙasar ba ta da ɗigon ɗanyen mai, amma tana cikin manyan cibiyoyin tace shi da cinikinsa, kuma babu tashar da ta kai ta sayar wa jiragen ruwa mai. Tasharta ce ta biyu a duniya wajen kwantena, bayan Shanghai, tana juya wajen miliyan 40 a shekara. Ga filin jirgin sama na Changi, ga bankuna. Kuɗin shigar mutum ɗaya ya haura dala dubu 80.

Masu cewa kasuwa ce kawai ta yi wannan aiki sun manta cewa gwamnati ce babbar 'yar kasuwa. Ta hannun kamfaninta na Temasek take riƙe da manyan hannayen jari a kamfanin jiragen sama da tashar ruwa da bankin DBS da kamfanin sadarwa. Bambancin shi ne ana tafiyar da su don riba, ba a mayar da su wurin ɗaukar 'yan uwa aiki ba.

Hannun Singafo ya iso har kasuwanninmu. Olam, mai sayen riɗi da gonar shinkafa a Nasarawa da masana'antar abincin kaji a Kaduna, a Najeriya aka kafa shi a 1989 yana fitar da kashu, daga baya ya mayar da hedikwatarsa Singafo. Tolaram, wanda ke cikin masu yin Indomie a Najeriya kuma ya zuba jari a tashar Lekki, shi ma can yake da mazauni.

Ƙabila uku, tebur ɗaya

Kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a Sinawa ne, Malayawa wajen kashi 13, Indiyawa wajen 9. Harsunan hukuma huɗu ne: Ingilishi, Mandarin, Malay da Tamil. Malay ne harshen ƙasa, da shi ake rera taken ƙasa, amma da Ingilishi ake karatu da aiki. A titi kuwa wani gauraye ake yi da ake kira Singlish, wanda hukuma ta yi ta yaƙa bai mutu ba. Waɗanda suka ji jiki su ne harsunan gida na Sinawa, irin su Hokkien da Teochew. Tun kamfen ɗin 1979 na komawa Mandarin, jikoki da yawa ba sa iya hira da kakanninsu.

Wurin da aka fi ganin cuɗanya shi ne rumfunan abinci. Masu tallar abinci a titi ne aka tattara a manyan rumfuna sama da ɗari, da famfo da tebura. Nan za ka ga shinkafa da kaza ta Sinawa, da nasi lemak na Malayawa, da roti prata na Indiyawa, da satay, wanda Bakano zai gani ya ce tsire ne aka haɗo masa da miyar gyaɗa. UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2020.

Ba a bar zaman tare ga sa'a ba. Tun 1989 kowane benen HDB yana da ƙa'idar yawan kowace ƙabila, don kada a samu unguwar da ƙabila ɗaya ta mamaye. Dokar ta hana rabuwar unguwanni, amma Bamalaye ko Ba'indiye da ke son sayar da gidansa wani lokaci sai ya karya farashi, don ɗan ƙabilarsa kawai aka yarda ya saya.

Musulmi sun kai wajen kashi 15. Suna da majalisar addini ta MUIS tun 1968, da ofishin Mufti, da kotun shari'a mai duba aure da saki da gado. Tun 1975 ake cire 'yan kuɗi kaɗan daga albashin kowane ma'aikaci Musulmi duk wata, da su aka gina masallatai sama da 20 a sababbin unguwanni. Tsari ne mai kyau ƙwarai. A ɗaya gefen, daga ofishin Mufti huɗubar Juma'a ke fitowa, lasifikar kiran salla ciki take kallo, sai a rediyo ake jin kiran a gida. 'Yan mata ba sa sa hijabi a makarantun gwamnati, ma'aikatan jinya ma sai a 2021 aka ba su dama, duk da cewa Halimah Yacob da hijabinta ta riƙe shugabancin ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Malayawa, waɗanda tsarin mulki ya amince su ne 'yan asalin wurin, har yanzu su ne a baya wajen samu da karatun jami'a.

Bulala, igiya da akwatin zaɓe

Kan cin hanci, ƙasar ta yi abin a yaba. Hukumar bincike tana ƙarƙashin ofishin firaminista, kuma doka ta ba kotu damar ɗaukar dukiyar da mutum ya kasa bayanin tushenta a matsayin hujja a kansa. A 1986 ministan raya ƙasa Teh Cheang Wan ya kashe kansa ana cikin bincikensa. A 2024 aka ɗaure tsohon ministan sufuri S. Iswaran shekara guda kan karɓar kyaututtuka. Ana kuma biyan ministoci albashin da ya fi na kusan kowace ƙasa, firaminista na karɓar sama da dalar Singafo miliyan 2 a shekara.

Amma hannun da ya kama ɓarawo shi ne ya shaƙe 'yan adawa. A Fabrairun 1963 aka kama mutum sama da ɗari, 'yan siyasa da 'yan ƙwadago, aka tsare ba shari'a da zargin gurguzu. Chia Thye Poh, tsohon ɗan majalisa, ya yi shekara 23 a tsare ba a taɓa gurfanar da shi ba. J.B. Jeyaretnam, wanda a 1981 ya karya mamayar PAP a majalisa, ƙararrakin ɓata suna suka talauta shi. Zanga-zanga ba izini a dandali ɗaya kawai aka yarda da ita. Jaridu na taka-tsantsan.

Ana bulala, ana rataya. Gram 15 na hodar hiroyin ya isa a yanke wa mutum hukuncin kisa. A Janairun 2007 aka rataye wani matashi ɗan Najeriya, Iwuchukwu Amara Tochi, duk da roƙon da Shugaba Obasanjo ya yi. Gwamnati na cewa tsananin ne ya tsare 'ya'yanta daga ƙwaya, kuma yawancin jama'a na goyon baya. Masu suka na cewa 'yan aike talakawa ake ratayewa, manyan dilolin na can waje.

Duk da haka ana zaɓe, ba a satar ƙuri'a, kuma PAP ce ke ci tun 1959. A 2025, ƙarƙashin sabon firaminista Lawrence Wong, ta samu wajen kashi 65, Jam'iyyar Ma'aikata ta riƙe kujeru 10. Ko ci gaban na buƙatar duk wannan matsi? A ganina a'a. Gidaje da ruwa da tasha ba tsare Chia Thye Poh ne ya gina su ba. Duniya ta ga masu mulkin ƙarfe da yawa, kaɗan ne cikinsu suka bar famfo na zuba.

Waɗanda ba a ƙirgawa

Kusan mutum ɗaya cikin uku a Singafo ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazaunin dindindin ba. Akwai manyan ma'aikatan banki, amma mafi yawa leburori ne daga Bangladesh da Indiya da Sin, da 'yan aikin gida mata daga Indunusiya da Filifin da Myanmar. Da yawa sai sun ci bashi sun biya dillali kafin su zo. Takardar zamansu a ɗaure take da mai gidansu, ba su da damar kawo iyali, a bayan a-kori-kura ake kai maza wurin gini. Da korona ta zo a 2020, mafi yawan waɗanda suka kamu a cikin ma'aikata wajen dubu 300 da ke cunkushe a ɗakunan kwana suke, kuma an kulle su tsawon watanni bayan kowa ya koma harkarsa.

Ƙasar ba za ta iya rabuwa da su ba, don 'ya'yanta ba sa haihuwa. A shekarun 1970 gwamnati ta yi kamfen a tsaya a 'ya'ya biyu, a 1987 ta juya tana roƙon a ƙara. A 2023 matsakaicin haihuwa ya faɗi ƙasa da ɗa ɗaya ga kowace mace. Matasa na kawo dalilan tsadar gida, da doguwar ranar aiki, da gasar makaranta da ke fara tantance yaro da jarrabawa tun yana ɗan shekara 12. Takardar izinin mallakar mota kaɗai, ban da kuɗin motar, takan haura dalar Singafo dubu 100. Nan da 2030 kusan ɗan ƙasa ɗaya cikin huɗu zai haura shekara 65.

Ga kuma teku na tasowa. Kusan kashi 30 na ƙasar bai kai mita biyar a saman ruwa ba. A 2019 firaminista na lokacin, Lee Hsien Loong, ya ce kare gaɓar zai iya cin dalar Singafo biliyan 100 ko fiye cikin shekara ɗari. An riga an buɗe asusu na musamman, an kuma fara nazarin cike wani dogon tsibiri a gabashin ƙasar da zai zama katanga, da tafkin ruwan sha, da filin sababbin gidaje.